Kifaye a Ruwan Rinin Umma

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida mutanen gidanka duka. Da fatan kana lafiya, ƙafar da aka ce tana damunka kuma ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai Kaka da ke fama da tari, amma bai hana ta faɗa ba.

Na san ba ka san ni ba. Ni ce 'yar fari a wurin Umma mai rini, jikar 'yar kawunka. A gida Shiru-shiru ake ce mini. Umma ta ce in kira ka Kawu yadda take kiranka, ko da yake kakana ne kai. Ta ce kunnenka ba ya jin waya, shi ya sa na rubuto, maƙwabcinmu direban motar kaya zai kawo maka. Ka yi haƙuri da rubutuna, bara na gama firamare.

Kawu, matsala ce ta same mu. Umma tana rini a bayan gida, manyan tukwane biyu, tana rina wa masu shago yadi. Idan ta gama sai a tuttule ruwan a kwata, kwatar ta bi bayan gidaje ta faɗa rafi. Haka muka taso muka gani. To ran Litinin wata mata ta zo daga ofishin kula da ruwa. Da ƙafa ta biyo kwatar tun daga rafi har ƙofarmu, ba ta ma tambayi kowa hanya ba, domin ranar shuɗi Umma ta yi. Ta ce doka ta hana. Ta ce a kashe wuta, ruwan da ya rage a tukwane ma kada a zubar. Za ta dawo ƙarshen wata, idan ba a gyara inda ruwan ke zuwa ba, an rufe rinin ke nan har abada. Da rinin nan Umma take riƙe da mu tun rasuwar Abba.

Ni ina bayan ƙofa lokacin, ban fito ba. Amma na ga jakarta, akwai wata na'ura mai igiya a ciki, na so ƙwarai in ga yadda take aiki.

Umma ta ce kai ma aikin da ka yi ke nan har ka tsufa, wai kana cikin waɗanda aka fara ɗauka. Kaka ta ce kada a rubuta maka, wai kai ka rufe marinar mahaifinta, kuma duba-gari ba ya da ɗan'uwa. Umma ta ce in rubuta kawai. Don Allah me za mu yi? Kuma idan ba laifi, yaya aikin yake a da? Wannan tambayar tawa ce, ba ta Umma ba.

Jikarka,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ƙafa da sauƙi, ido ne yanzu ya karɓi aikin. Ki gaida Ummanki. Ki gaida kakarki Mai Tsiwa, ki ce mata tarin da bai hana ta faɗa ba ai ba tari ba ne. Rubutunki ya fi na wasu da na yi aiki da su, kada ki ƙara ba ni haƙuri a kansa.

Bari in fara da tambayarki, don an daɗe ba a yi mini ita ba. Muna yara babu dokar ruwa sai ta dattawa: ba a wanki a saman inda ake ɗiba. Da gari ya cika aka kafa masaƙa da majema, kowa ya juya bututunsa ya nufi kogi. Har muna gane ranar mako da launin ruwa. Wata shekara amai da gudawa ta shigo unguwannin ƙasa, kifi kuma ya taso ciki sama, yara suna kwasa a kwando. Sai gwamnati ta yi doka ta farko, ta hana zubar da mushe da shara kusa da inda ake jan ruwan famfo. Ba ta ce wa masu bututu komai ba. Sai da aka ƙara shan wuya aka yi ta biyu, ita ce ta zo ƙofarku: duk ruwan da ka yi aiki da shi, ka tsabtace shi kafin ka mayar wa jama'a.

Ofishin da aka buɗe mana ɗaki ɗaya ne, da tebur mai gurguwar ƙafa, da keke, da akwatin kwalabe. Babu na'ura. Na'urarmu kifi. Mu ɗebo ruwan masana'anta mu saka 'yan kifaye a ciki. Idan sun rayu mu sa hannu, idan sun mutu mu ɗauki kwaɗo mu je mu kulle wurin.

Maganar marinar kawuna gaskiya ce. Tana saman inda mata ke ɗiban ruwa. Na yi ta roƙonsa ya tona ramin tacewa, ya ce yaron da ya goya ba zai koya masa rini ba. Na rufe. Ko yau aka mayar da ni ranar haka zan yi. Amma gyara ya fi mini daɗi, don haka ki buɗe kunne.

Ku nemi duro uku, ku jera su kamar matakala. A na sama za ku zuba ruwan rini, ku jefa alam, ku bar shi ya kwanta. Na tsakiya ku sa tsakuwa a ƙasa, sai dakakken gawayi, sai yashi a kai. Na ƙasa shi ke tarar abin da ya tsatso. Dauɗar da ta kwanta a shanya ta a ajiye a buhu, kada ta koma kwata.

Sannan ki samo baho biyu. Ɗaya ki cika shi da ruwan rafi zalla, daga saman inda kwatarku ke shiga. Ɗayan rabi ruwan rafi, rabi wanda kuka tace. Ki kamo ƙananan kifaye ki raba musu. Ba a ba su abinci, ba a taɓa ruwan, kallo kawai ake yi na 'yan kwanaki. Duk abin da kika gani ki rubuto mini, har wanda kike ganin ba shi da amfani.

Kakanki,
tsohon duba-gari

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya ido? Allah ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya. Na faɗa wa Kaka saƙonka, ta ce idon da ya rufe marinar kawunsa dama dole ya yi ciwo. Amma na ga tana dariya a cikin mayafi.

Kawu, abin ya yi! Ban san ta ina zan fara ba.

Mai walda na bakin titi ya ba mu duro, ya huda su ya sa famfo. Da farko ya ce shi bai taɓa jin an yi wa ruwa wanka ba, amma daga baya shi ya fi kowa zaƙewa, har ya bar shagonsa ya zo ya tsaya. Ni da Umma muka daka gawayi, muka fito baƙi ƙirin, Kaka ta ce ba ta san mu ba. Da muka zuba ruwan tukunya a duron sama muka jefa alam, sai launin ya fara tattaruwa yana sauka ƙasa kamar gajimare. Washegari muka buɗe famfo. Abin da ya ɗigo a duron ƙasa kamar shayin da bai ji ganye ba, daga baya ma ya fi haka haske. Umma ta tara a kofin gilashi ta ɗaga wa rana, ta daɗe tana kallo.

Kifayen da tsohon gidan sauro na kamo su. Na zame na zauna daɓas a cikin rafi, masu wanki suka yi ta dariya, da can da na gudu gida, amma ranar ban damu ba. Ƙanana ne kamar ɗan yatsana, cikinsu yana ƙyalli. Na ajiye bahon biyu a inuwa kusa da ƙofar Kaka, don nan ne kaji ba sa zuwa. Ta ce an mayar mata da ɗaki bakin kogi, saura a kawo mata kada.

Ga abin da na gani, tunda ka ce in faɗi komai. Ranar farko kifayen bahon rini sun yi ta tasowa sama suna buɗe baki, na tsorata. Amma da gari ya waye sai na same su garau, suna ta tsere. Tun daga nan kullum ƙara lafiya suke yi, har sun fi na bahon rafi kuzari. Ruwan ma kowace safiya ya fi na jiya haske, ɗan warin da yake yi ya tafi. Bahon rafi yana raguwa saboda zafi, amma na rinin yana nan a cike yadda na zuba shi. Ko ɗaya bai mutu ba, Kawu, ko ɗaya.

Umma ta kasa haƙuri. Jiya ta yafa mayafi ta tafi ofishin ruwa da kanta, ta ce musu mun gama, su zo su gani. Sun ce matar za ta zo kafin lokacin da ta sa. Masu shago ma Umma ta aika musu su shirya yadi.

Dama haka kuke ji a da idan kifi ya rayu? Ni ji nake kamar in tari mutane a hanya in faɗa musu, ni da ko gaisuwa sai an matsa mini.

Jikarka,
Shiru-shiru

*

Shiru-shiru,

Ruwan da ke cikin bahon nan ba na rinin Ummanki ba ne. Kada a kira kowa.

Kawu

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Mu lafiya, sai dai gidan ba daɗi.

Direba ya tafi wancan zuwan ba takardata, da gangan na ƙi ba shi. Taka ta zo ba sallama, ba gaisuwa, layi biyu a bayan takardar magani. Na karanta na sake karantawa, abin da na fahimta shi ne kana cewa ƙarya na yi maka, na zuba ruwan rafi na ce na rini ne. Na shiga bayan duro na yi kuka. Na ce ashe gaskiyar Kaka ce, duba-gari ba ya yarda da kowa. Ban nuna wa Umma ba. Na yi niyyar ba zan ƙara rubuto maka ba.

Amma maganar ta ƙi barina. Ni na san da hannuna na zuba ruwan. To idan ba shi ne a ciki ba, ina ya tafi? Sai na tuna bahon nan ba ya raguwa. Shekaranjiya bayan sallar asuba ban koma barci ba, na zauna a bakin taga. Gari ya fara haske sai ga Kaka ta fito da moɗa. Ta kwashe ruwan bahon rini ta watsa a gindin bango, ta ɗebo na randa ta cika shi. Har ta marmasa musu burodi.

Na fito na ce, “Kaka, me kike yi?”

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, “Me kika ga ina yi? Baƙi ne a ƙofata. Ranar farko ina ji suna haki kamar masu asma, ke kina can kina minshari.”

Na ce, “Ai gwaji ne, Kawu ya ce kada a taɓa.”

Ta ce, “Kawun naki ya zo ya shiga bahon da kansa. Rai ne fa da su. Kuma idan matar nan ta zo ta gan su da rai, ba shi ke nan ba? An rufe marinar ubana ina kallo, ba za a rufe ta 'yata ina riƙe da moɗa ba.”

Na ɗauki bahon na kai ɗakinmu, na sake haɗa ruwan yadda ka ce, na ja ƙofa. Kawu, kafin la'asar sun fara juyawa. Na yi ta kallo ina cewa za su warware. Da na ga wasu sun kwanta ciki sama sai na kasa, na tsame sauran na mayar da su ruwan rafi. Na san na ɓata gwajin, ka yi haƙuri. Waɗanda suka mutu na binne su a bayan ɗaki.

Da na sa hannu a ruwan na ji yana santsi kamar sabulu, yatsuna har sun yi fari. Yana kuma wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai idan an motsa shi. Na tambayi Umma, ta ce soda ce da farin garin da ake zubawa don launi ya kama. Ban faɗa maka tana sa su ba, ban san yana da muhimmanci ba.

Yanzu Umma ta sani. Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a kan turmi ta yi tagumi. Ta riga ta kira su, ba ta san ranar da matar za ta faɗo ba. Kaka tana cewa a bar ta ta ci gaba da dabararta. Ni na ce a'a, da ƙarfi har na ba kaina mamaki. Matar tana da na'ura, kuma ko ba ta da ita, ruwan nan rafi za shi.

Ka yafe mini zaton da na yi maka. Idan akwai sauran dabara, don Allah ka ba direba amsa kafin ya juyo.

Jikarka,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam, da sallama cikakkiya wannan karon, har da ta bashin da kike bina. Ina gaida ke da Ummanki. An yi mini aikin ido, an naɗe shi, autata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Ta ce in gaya miki tun safe nake damun gidan da labarinki.

Waccan takardar a layin asibiti na rubuta ta, an ɗiga mini magani ina gani dishi-dishi, direbanku kuma yana ta danna mini oda a waje. Ban ce kin yi ƙarya ba. Gaskiyarki ce ma ta tona asirin. Wanda zai yi ƙarya ba zai rubuto cewa baho ba ya raguwa ba. Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta tsawata mini, don tun kafin in kai ƙarshe na san hannun waye.

Ki ce wa Mai Tsiwa ba ita ta fara ba. A ofishinmu akwai wani dattijo mai shara, shi ma haka ya riƙa yi mana don tausayi. Muka yi ta sa wa wata masana'anta hannu muna yabon ruwanta, kogi kuma yana ta wari. Tun daga ranar da aka gane, ɗakin kifi ya samu kwaɗo kafin ɗakin shugaba ya samu. Kifayen da kika tsame kuma ba ki ɓata komai ba, sun riga sun faɗa miki abin da za su faɗa.

A zamanin kawuna da ganye da toka ake rini, shi ya sa na ba ki dabarar launi kawai. Naku na yanzu yana da abu biyu da ido ba ya gani. Soda tana ƙuna, ita ce santsin da kika ji. Farin garin nan kuma yana shanye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa kifi ke haki. Gawayi ba ya kama su.

Ga abin yi, tun kafin a jefa alam. Ruwan ya sha iska: ki riƙa ɗiba da bokiti kina kwararo shi daga sama yana kumfa, safe da yamma, har warin ya mutu. Ki tsaya ta inda iska ke kaɗawa, kada ki shaƙa. Sannan ki matsa lemun tsami, ko ruɓaɓɓen da masu kayan miya ke zubarwa ya isa, kina zubawa kaɗan-kaɗan kina motsawa da sanda, har santsin ya tafi. Ki sa safar roba, kada ki ƙara tsoma hannu haka. Daga nan alam, sai tacewa, sai kifi. Wannan karon a ɗakinku, ki rataya makullin a wuya.

Idan matar ta zo kafin ku gama, kada a ɓoye mata komai. Na yi aikin nan, na san abin da ke sa mu rufe wuri: mu ga ana mana wasa da hankali. Wanda muka samu yana fama da gyara, ko bai kai ba, mukan ja kujera mu zauna da shi. Lokacin da na kusa barin aiki aka kawo mana na'urori, aka ƙara wa dokar sassa har ta yi kauri, amma wannan bai canza ba.

Kuma ke za ki yi mata bayani. Ummanki rini ta sani, Mai Tsiwa faɗa ta sani, ruwan nan ke kika san shi. Ba sai kin kalli idonta ba, ki kalli duron ki yi magana.

Kakanki,
mai ido ɗaya zuwa wani lokaci

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da ta rubuta, hannunta yana da kyau. Yaya idon, an kwance? Mu lafiya lau, tarin Kaka ma ya tafi.

Kawu, matar ofishin ruwa ta zo. Amma bari in bi da kai a hankali, kada in fara da ƙarshe.

Mun yi yadda ka ce. Kwarara ruwan nan aiki ne, kafaɗuna har yanzu ciwo suke. Mai kayan miya ya tara mana lemun da ya lalace, yana tambaya ko asibiti muka buɗe. Da farko na zuba da yawa don sauri, sabbin kifayen suka nuna ba sa so, na sake haɗa wani a hankali. A na biyun warin ya mutu, santsin ya tafi. Na sa kifi na kulle ɗaki. Kaka ta yi ta zagaye ƙofar tana cewa a gidanta an hana ta ganin baƙinta. Na ce ta leƙa ta taga. Kwana ya yi, wani ya ƙara, suna nan suna yawonsu, ruwan yana raguwa kaɗan-kaɗan kamar na ɗayan bahon. Ban taɓa murnar ganin ruwa ya ragu ba sai ranar.

Ran Laraba da hantsi muna shanya dauɗa sai muka ji sallama. Umma ta miƙe zaninta yana kwancewa. Ta kai matar wurin duro, ta buɗe baki, sai maganar ta tsaya mata. Kaka ta taso daga ƙofarta ta ce, “Kifinmu dai ko ɗaya bai taɓa mutuwa ba, 'yar nan, rubuta ki tafi.”

Matar ta ce, “Wane kifi, Mama?”

Na kalli famfon duron tsakiya kamar yadda ka ce, na ce, “Sun mutu a na farko.”

Ta juyo ta ce, “Ke ce mai kula da wannan?”

Na ɗaga kai. Ta ce to in faɗa mata daga farko. Muryata da ƙyar take fita, sai da ta matso ta durƙusa kusa da ni. Na faɗi alam, na faɗi gawayi, na faɗi yadda ruwan ya yi haske amma ya kashe kifi. Da na zo kan lemun tsami na ji muryar ta daidaita, har na manta na kalle ta. Na buɗe ɗaki na fito da bahon biyu. Ta ce a makaranta an faɗa musu da kifi aka fara aikinsu, ba ta taɓa gani ba sai yau. Kaka ta ce, “Ai ɗan gwaggona ne ya koya mata, shi ya kafa muku ofishin ma.” Umma ta kalle ta, ni ma na kalle ta, ta ce me muke kallo.

Sai matar ta fito da na'urar. Ta tsoma bakin igiyar a ruwan tukunya ta nuna mini lambar, ta ɗauraye, ta tsoma a duron ƙasa. Sannan ta miƙo mini ta ce in riƙe da kaina. Kawu, na riƙe! Lambar ta yi ta rawa tana sauka, har ta tsaya cak. Matar ta ce nan ake so ta tsaya. Ta cika kwalba ta ce za su ƙara dubawa a ofis.

Ba duka muka samu ba. Ta ce duronmu ba zai iya da tukunya biyu ba, ruwan zai yi yawa ya wuce bai sha iska ba. Ta yarda Umma ta kunna ɗaya. Ta biyun sai mun jera wasu duro ta dawo ta gani. Buhunan dauɗa kuma motarsu za ta riƙa ɗauka. Kaka ta fara cewa rabi ai zalunci ne, Umma ta ce, “Inna, don Allah.” Da matar za ta tafi ta ce akwai masu rini a ƙasan layinmu da ta ba su irin wa'adin da ta ba mu, ko zan nuna musu. Na ce zan gwada. Ban san yadda zan yi magana a gaban manyan mata ba, amma na riga na ce.

Mai walda ya ce zai nemo mana duro. Ina da tambayoyi da yawa a kan dokar nan ta biyu, da yadda kuka yi da masu manyan bututu, zan tara su sai idonka ya warke.

Yau da sassafe Umma ta hura wuta. Yadi fari yana jiƙe a bokiti, ja za ta fara. Tun ɗazu take waƙa, ta ƙona hannu ma ba ta daina ba. Ga ta can tana kirana in kawo sandar motsawa, direba kuma ya tayar da mota, dole in tsaya nan.

Jikarka,
Shiru-shiru